Hakkin Iyaye A Kan Karatun Yara Masu Jinkirin Girma: Halin Da Ake Ciki A Nok Da Kewaye

Daga Wakilinmu a Kafanchan

Duk wanda ya yi makarantar firamare a ƙasar nan ya ji sunan Nok, ko da kuwa bai san inda garin yake ba. Ƙauye ne a cikin Ƙaramar Hukumar Jaba, kudancin Jihar Kaduna, ba shi da nisa da Kwoi. Abin da ya fitar da sunansa duniya shi ne mutum-mutumin yumɓu da masu haƙar kuza suka fara tonowa a wurin cikin shekarar 1928, waɗanda daga baya wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tattara irinsu, ya sa musu sunan wannan ƙauye. Masana sun tabbatar cewa kayan nan sun haura shekara 2,000 a duniya.

Akwai wani abu game da su da ba a cika faɗa wa yara a makaranta ba. A cikin siffofin da aka tono, ban da masu ado da kitso da tsakiya, akwai waɗanda aka ƙera da alamun cuta a jikinsu, wani da tundurmi, wani da shanyayyen ɓarin fuska. Watau maginan wancan zamani sun ga marasa lafiyar da ke cikinsu, sun kuma ga ya dace a siffanta su kamar kowa.

To, yau a ƙasar Jaba, da sauran garuruwan da ke kewaye da Kafanchan, akwai waɗansu yara da ba a cika ganinsu ba, ko a makaranta, ko a dandali. Su ne yaran da girmansu da fahimtarsu suka yi jinkiri. Tambayar da ke damun iyayensu kuwa ita ce: wace makaranta ta dace da su, ta unguwa wadda kowa ke zuwa, ko kuwa ta musamman? Kuma wa ke da ikon yanke wannan shawara, uba da uwa, ko hedimasta, ko hukuma?

YADDA ABIN KAN FARU

Mu ƙaddara wani manomin citta ne a Nok, yana da ɗa mai shekara bakwai. Yaron nan bai zauna ba sai da ya shekara, bai taka ba sai da ya wuce shekara biyu, har yanzu kuma maganarsa ba ta wuce kalma biyu ko uku. Amma ya san kowa a gidan, yana kora awaki, in an aike shi maƙwabta yana zuwa ya dawo. Ranar da aka koma makaranta uwarsa ta yi masa wanka, ta sa masa sabon yunifom, ta haɗa shi da yayyensa. Bayan mako biyu sai hedimasta ya aika a kira uban, ya gaya masa cikin lalama cewa yaron ba ya gane kome, yana tashi yana yawo cikin aji, malama kuwa ita kaɗai ce, saboda haka gara a kai shi makarantar irinsu.

Uban ya tambaya ina makarantar take, aka ce a Kaduna. Ya lissafa kuɗin mota, da na guzuri, da na ziyara, ya tuna cewa tun annobar da ta faɗa wa citta a shekarar 2023 manoman yankin suka yi asara mai yawa, sa'an nan ya dubi yaron da ba ya iya faɗin abin da ke damunsa, ya ga ba zai iya barinsa a hannun baƙi ba. Sai ya koma gida da shi. Daga ranar karatun yaro ya ƙare, alhali babu takardar da aka rubuta, babu likitan da ya duba shi, babu kuma wanda ya gaya wa uban cewa doka tana bayansa.

Misali ne muka kawo, amma mai karatu zai yi wuya ya rasa gidan da ya sani wanda irin wannan ta faru a cikinsa. Ga manomin nan, zaɓin da ake cewa yana da shi tsakanin makarantu iri biyu ya koma zaɓi tsakanin ajin da bai shirya karɓar ɗansa ba da zaman gida.

MENE NE JINKIRIN GIRMA?

Likitocin yara suna da ma'aunin da suke bi. Galibin yara sukan zauna da kansu kafin wata 9, su taka kafin wata 18, su fara haɗa kalma biyu a wajen shekara 2. Idan yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya yi baya ƙwarai a fannoni biyu ko fiye, kamar motsin jiki, da magana, da fahimta, da cuɗanya da mutane, da iya yi wa kansa hidima, shi ne ake cewa yana da jinkirin girma. Ana amfani da kalmar jinkiri ne da gangan, domin a wannan shekaru ba a san inda yaro zai tsaya ba. Waɗansu sukan cim ma tsararrakinsu idan sun sami kulawa, waɗansu kuma abin yakan zauna musu har girma.

Sanadin abin yana da yawa, kuma galibi ana iya kauce masa. Akwai doguwar naƙuda wadda ke hana jariri samun isasshiyar iska, akwai shawarar jarirai idan ta yi tsanani ba a kai asibiti ba, akwai zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da tamowa, da ƙarancin sinadarin aidin a abinci. Akwai kuma gubar dalma, irin wadda ta kashe yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a shekarar 2010, ta bar waɗansu da lahani a ƙwaƙwalwa. Waɗansu yaran kuwa da abin ake haihuwarsu, kamar waɗanda jama'a ke kira galahanga. Har ila yau akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu lafiya lau, kunne ne ba ya ji sosai, amma da yake ba a gwada ba sai a yi ta kiransu dolaye.

Ba ƙaramin al'amari ba ne. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta Lancet Global Health a shekarar 2018, wanda wata likita 'yar Nijeriya, Bolajoko Olusanya, ta jagoranta, ya ƙiyasta cewa a shekarar 2016 yara miliyan 52.9 'yan ƙasa da shekara 5 ne ke da irin waɗannan larurori a duniya, kuma kashi 95 cikin 100 nasu suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. A shekarar 2021 kuma Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yara kusan miliyan 240 ne ke da naƙasa iri-iri.

Duk da haka, a wurare da yawa har yanzu ana cewa irin wannan yaro ɗan ruwa ne, ko an yi masa sammu, ko alhakin wani ne ya kama uwarsa. Wannan camfi shi ne katanga ta farko da ke tsakanin yaro da makaranta, tun kafin a zo ga hedimasta.

INDA AKA FITO

Mutanen Jaba ba baƙin ilmin zamani ba ne, domin tun a shekarar 1910 'yan mishan suka sauka a Kwoi, makaranta kuma ta biyo baya. Haka nan karantar da naƙasassu a Arewa hannun 'yan mishan ya fara, da makarantar makafi ta Gindiri wadda aka buɗe a shekarar 1953. Makarantun farko duk na makafi ne da kurame da guragu, watau waɗanda naƙasarsu a fili take. Yaron da larurarsa ke cikin fahimta shi ne aka bari a baya.

Gwamnati ta shigo da ƙarfinta ne bayan da Janar Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE, a watan Satumba na 1976. A shekarar 1977 aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa, wadda ta ware babi guda a kan ilmin musamman, ta kuma bayyana cewa haɗa yara naƙasassu da sauran yara a makaranta ɗaya shi ne ya fi dacewa, tun da yake a cikin jama'a za su zauna in sun girma. A wannan shekara ce kuma aka kafa kwalejin horar da malaman ilmin musamman a garin Oyo. Daga baya Jami'ar Jos, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna duk suka riƙa yaye irin waɗannan malamai.

Ashe ke nan maganar haɗa yara a aji ɗaya ta kusa shekara hamsin a rubuce a ƙasar nan. Abin da ya rage shi ne malamin da aka horar ya isa ƙauye. Makarantun musamman 'yan kaɗan ne, galibinsu a manyan birane. Ta Gwamnatin Jihar Kaduna da aka fi sani tana cikin garin Kaduna, an kuma fi saninta da karantar da kurame da makafi.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar ilmin bai-ɗaya ta shekarar 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta wajabta wa kowace gwamnati ta ba kowane yaro ilmi kyauta na shekara 9, firamare da ƙaramar sakandare. Ta kuma wajabta wa iyaye su kai 'ya'yansu. Uban da ya ƙi, karo na farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka tarar Naira 5,000 ko ɗaurin wata biyu. Dokar ba ta ce ban da mai jinkirin fahimta ba. Saboda haka manomin da muka yi misali da shi yana cikin tsaka mai wuya: doka ta ce ya kai ɗansa, makaranta ta ce ya ɗauke shi.

Sai dai akwai wani gurbi da ya kamata a sani. Dokar Kare Hakkin Yara ta Tarayya ta shekarar 2003, a sashe na 15, ta jera hakkin yaro na samun ilmi kyauta kuma tilas, sa'an nan a ƙaramin sashe na 7 ta ce wannan tanadi bai shafi yara masu larurar ƙwaƙwalwa ba. Ko da nufin masu dokar shi ne kada a hukunta iyayen da ba su da inda za su kai irin wannan yaro, abin da layin ya koya wa mutane shi ne cewa akwai yaran da makaranta ba dole ba ce a kansu.

Dokar da ta zo ta gyara wannan tunani ita ce Dokar Hana Nuna Bambanci Ga Naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019. Sashe na 17 ya ce mai naƙasa yana da hakkin ilmi ba tare da bambanci ko wariya ba, kuma kyauta har ƙarshen sakandare. Sashe na 18 ya ce dukan makarantun gwamnati, daga firamare har jami'a, a tafiyar da su yadda za su karɓi naƙasassu, kuma kowace makaranta ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu, tare da kayan aikin da suke bukata. Wanda aka kama da laifin nuna bambanci, in mutum ɗaya ne, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko duka biyu. In kamfani ne ko ƙungiya, tarar Naira miliyan ɗaya. A shekarar 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa. Ita ma Jihar Kaduna ta yi tata dokar naƙasassu a shekarar 2021, ta kafa hukumar da ke kula da al'amuransu.

A waje kuma, Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin naƙasassu a shekarar 2010, wadda sashenta na 24 ya hana a fitar da yaro daga makarantar kowa da kowa saboda naƙasarsa. Tun kafin nan, a shekarar 1994, gwamnatoci 92 sun taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince da wannan manufa. Ita kuwa Sanarwar 'Yancin Ɗan Adam ta 1948, a sashe na 26, ta ce iyaye su ne a gaba wajen zaɓar irin ilmin da za a ba 'ya'yansu.

In an tattara waɗannan duka, abin da ya fito shi ne: babu hedimastan makarantar gwamnati da ke da ikon korar yaro don fahimtarsa tana da jinkiri. Yana iya ba da shawara, amma shawara daban, umurni daban. Abin da dokokinmu suka rasa shi ne hanya bayyananniya, mataki-mataki, wadda za a bi in ra'ayin iyaye ya saɓa da na makaranta: wa zai gwada yaron, wa zai zauna a yanke shawara, wa kuma za a kai wa ƙara.

HUJJOJIN ƁANGARORI BIYU

Masu son makarantar unguwa suna da hujja mai ƙarfi. Yaro yana koyon magana daga bakin yara 'yan'uwansa fiye da yadda yake koya daga bakin malami. Yana kwana a ɗakin uwarsa, yana tafiya makaranta tare da yayyensa, ba a kashe kuɗin mota. Yaron ƙasar Jaba yana jin harshen Hyam a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a aji. In aka ɗauke wanda da ƙyar ya kama harshen gidansu aka kai shi inda ba mai jin wannan harshe, an ƙara masa kaya. Daɗin daɗawa, yaron da ba ya iya bayani shi ne ya fi saurin faɗawa hannun mugu a makarantar kwana, domin ba zai iya faɗin abin da aka yi masa ba. Su ma sauran yaran suna ƙaruwa, domin wanda ya zauna benci ɗaya da galahanga tun yana ƙarami, da wuya ya jefe shi da dutse in ya girma.

Masu son makarantar musamman su ma ba a banza suke magana ba. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta ƙayyade malami ɗaya ga yara 35 a firamare, malami ɗaya ga yara 10 a makarantar musamman. Kowa kuwa ya san sau da yawa ajin firamare yakan zarce 35 nesa ba kusa ba. A irin wannan aji, mai jinkirin fahimta yakan ƙare a bencin baya, ana yi masa dariya, ana bulalarsa a kan abin da ba laifinsa ba, ana ciyar da shi gaba kowace shekara bai iya rubuta sunansa ba. Zama a aji kaɗai ba ya sa a ce yaro yana karatu. Ga kuma matsalar malamai: a shekarar 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 ba su ci ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. In koyar da yaro mai lafiya yana da wannan wuya, ina ga wanda sai an bi shi a hankali? A makarantar musamman ta ƙwarai kuwa ana koya wa yaro cin abinci da kansa, da sa tufafi, da zuwa bayan gida, da lissafin kuɗi, da wata 'yar sana'a, abubuwan da ba sa cikin manhajar firamare.

Gaskiyar magana, yaran nan ba ɗaya suke ba. Mai ɗan jinkiri kaɗan, makarantar unguwa ta ishe shi in malama ta san halinsa. Mai larura mai nauyi, wanda ga farfaɗiya ga rashin magana, yana bukatar hannun gwani. Shi ya sa ba a yanke hukunci ɗaya a kan dukansu, shi ya sa kuma ba a yanke shi ba tare da iyaye ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Uwar da ta yi shekara bakwai tana renon yaro ta san abin da ke firgita shi da abin da ke kwantar masa da hankali, abin da babu gwajin rabin sa'a da zai nuna.

YADDA WAƊANSU ƘASASHE SUKA YI

A Amurka, kafin shekarar 1975, yara naƙasassu kimanin miliyan ɗaya ne aka hana shiga makarantun gwamnati. Dokar da aka yi a wannan shekara ta ce kowane irin yaron nan a rubuta masa tsarin karatunsa shi kaɗai, iyayensa suna zaune a wurin, kuma a sa shi tare da sauran yara iyakar yadda zai yiwu. In iyaye ba su yarda da abin da makaranta ta yanke ba, suna da inda za su kai ƙara.

A Ingila, rahoton kwamitin Mary Warnock na 1978 shi ya haifar da dokar 1981 mai ƙarfafa haɗa yara. Dokarsu ta 2014 ta ce a sa yaro a makarantar kowa da kowa, sai fa in iyayensa ba sa so, ko kuwa zamansa zai hana sauran yara karatu kuma babu dabarar da za ta magance haka. Akwai kotu ta musamman mai sauraron ƙarar iyaye. Abin lura, ita Warnock ɗin da kanta ta fito a shekarar 2005 ta ce an zarce gona da iri, akwai yaran da ƙaramar makaranta ta musamman ta fi musu alheri. Italiya kuwa tun 1977 ta soke azuzuwan da ake ware yara, ta sa malamai mataimaka a cikin aji na kowa.

Hanyoyin sun bambanta, amma sun haɗu a abu biyu: ana gwada yaro kafin a yanke shawara, kuma ana rubuta abin da aka yanke.

IYAKAR IKON IYAYE

Amma fa hakkin iyaye yana da iyaka, kuma wajibi ne a faɗe ta. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da yarjejeniyar naƙasassu ya yi bayani a shekarar 2016 cewa ilmi hakkin shi yaron ne, ikon iyaye yana biye da nasa. Uba yana da ikon ya ce wannan makaranta ta fi waccan dacewa da ɗansa. Ba shi da ikon ya kulle shi a ɗaki don kunyar baƙi, ko ya sa shi bara a tashar mota, ko ya ce kuɗin littafi a kansa asara ne. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. 'Ya'ya mata masu wannan larura su suka fi shiga haɗari, domin an fi ɓoye su, kuma su miyagu suka fi nema.

ABIN DA UBA ZAI YI

Na farko, a kai yaro asibiti da wuri, tun ana ganin alamun, kada a jira sai ya isa shiga makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Daga babban asibitin Kafanchan ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Jos, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A tabbata an gwada kunne da ido. Cibiyar Lafiyar Kunne ta Ƙasa tana nan cikin garin Kaduna. A roƙi likita ya rubuta abin da ya gani, a adana takardar.

Na biyu, a rubuta sunan yaro a makarantar da ta fi kusa. In an ƙi karɓarsa, ko an ce a ɗauke shi, uba ya nemi a ba shi dalili a rubuce, cikin ladabi. Sau da yawa wannan kaɗai kan sa a sake tunani.

Na uku, in abin ya ci tura, a kai maganar gaban kwamitin gudanar da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, daga nan ga Sakataren Ilmi na Ƙaramar Hukuma, a Kwoi ko Kafanchan, sa'an nan hukumar SUBEB, ko hukumar naƙasassu ta Jiha, ko Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa.

Na huɗu, in an karɓi yaro, iyaye su zauna da malama su tsai da abu uku ko huɗu da ake so ya iya kafin ƙarshen zango, kamar gane sunansa a rubuce, ko ƙirga zuwa goma, ko neman izinin fita. A sa shi bencin gaba, a haɗa shi da wani yaro mai haƙuri, a kuma yarda cewa babu bulala.

Na biyar, wanda ya zaɓi makarantar musamman, ya je ya gani da idonsa tukuna. Ya tambayi yara nawa ne a aji, wa ke kwana da su, me suke ci, yaushe ake ziyara. Ya kuma sani cewa zaɓin da ya yi bana ba ya hana shi sakewa baɗi in ya ga yaro ya ci gaba ko ya koma baya.

ABIN DA KE KAN HUKUMA

Hakkin zaɓe ba shi da amfani in babu abin zaɓa. Abu na farko da ke kan Gwamnatin Jiha shi ne cika sashe na 18: malami ɗaya mai horo a kowace makaranta. In hakan ba zai samu nan da nan ba, a fara da malami mai zagaye, a ba shi babur da makarantu biyar ko shida. Kwalejin Ilmi ta Jiha tana Gidan Waya, kusa da Kafanchan. Ana iya tara malaman firamare a can lokacin dogon hutu a koya musu dabarun farko. A manyan firamare na Kwoi, da Kafanchan, da Zonkwa, da Kachia, a keɓe aji ɗaya mai yara kaɗan da malami gwani, inda mai larura mai nauyi zai yi rabin yini, sauran rabin kuma ya shiga cikin 'yan'uwansa, da yamma ya koma gida. Wannan ya fi sauƙin kuɗi bisa ga gina makarantar kwana.

Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilmin bai-ɗaya, kuma a cikinsa akwai kason da UBEC ke ba jihohi musamman don yara masu bukata ta musamman. Ya kamata 'yan majalisar da ke wakiltar wannan yanki su tambaya nawa ne daga ciki ya iso kudancin Jihar. Ita kuma Majalisar Tarayya ta share ƙaramin sashe na 7 ɗin nan, ta kuma shimfiɗa hanyar da iyaye za su bi su ɗaukaka ƙara.

Sarakuna da masu unguwanni, da fastoci da limamai, su ma suna da nasu rabon. Su ne suka san gidan da ake ɓoye yaro, kuma maganarsu a kan camfin ɗan ruwa ta fi ta likita shiga kunne. Mai unguwar da ya ƙirga irin waɗannan yara a unguwarsa ya kai wa hedimasta sunayensu ya yi aikin da babu ofishin da ya yi shi.

Mutane suna tasowa daga ƙasashe masu nisa don su ga kayan Nok a gidajen tarihi, masana daga Jami'ar Frankfurt ta Jamus sun yi shekaru tun daga 2005 suna tono a yankin, ana riritar kowane ɓallin yumɓu. Yaran da ke raye a wannan ƙasa sun fi cancantar irin wannan kulawa. Yaron manomin nan mai yiwuwa ba zai zama likita ba, amma yana iya koyon karanta sunansa, da ƙirga canjinsa a kasuwar Kwoi, da kiwon awakinsa ba tare da an cuce shi ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah ya ba iyaye haƙuri, ya ba malamai tausayi, ya kuma ba shugabanni ikon cika abin da suka rubuta da hannunsu, amin.